Malamin Makarantar Lahadi da Hausar da Ya Ke Koyarwa

Akwai wani rukuni na malamai a ƙasar nan wanda ba a sa shi cikin lissafi sa'ad da a ke ƙidaya masu koyar da Hausa. Sunayensu ba su cikin littafin ofishin ilmi, ba su karɓar albashi, yawancinsu kuwa ba su taɓa zama a kwalejin horon malamai ba. Su ne maza da matan nan da su ke sa kansu su koyar da yara a majami'u ran Lahadi, tun daga Zonkwa da Kagoro zuwa Langtang, daga Kaltungo zuwa Garkida da Numan, har can Maraɗi a ƙasar Nijar. Nufina a wannan takarda shi ne in bayyana asalin aikinsu, da yadda su ke tafiyar da shi, sa'an nan in tsaya a kan irin Hausar da ke fita daga bakinsu tana shiga kunnen yara. Maganar aƙida ba fagenmu ba ce, ba zan taɓa ta ba. Abin da ya shafe mu shi ne harshe da koyarwa.

Asalin aikin

Makarantar Lahadi, a siffar da a ka san ta yanzu, a Ingila ta soma. A shekarar 1780 wani mai buga jarida a garin Gloucester, Robert Raikes, ya ga 'ya'yan talakawa suna aiki a masana'antu kwana 6 cikin mako, ran Lahadi kuwa su watsu bisa titi ba mai kula da su. Sai ya nemi waɗansu mata ya riƙa biyansu, su tara yaran a gida su koya musu karatu, Littafi Mai Tsarki shi ne littafin karatun. Ya kamata mai karatu ya lura da abu biyu a nan. Na fari, malaman farko biyansu a ke yi. Aikin sa kai daga baya ya shigo, sa'ad da makarantun suka yi yawa har kuɗi ya kasa, 'yan ɗariƙar Metodis kuwa suna cikin waɗanda suka fi ƙarfafa koyarwa kyauta. Na biyu, karatu shi ne babban abin da a ke koyarwa, gama yaran ba su da wata makaranta.

Abin ya bazu da sauri. An kafa wata jam'iyya a Landan a 1785 domin taimakon makarantun, aka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu a 1803, ƙidayar da aka yi a 1851 kuwa ta nuna yara fiye da miliyan 2 ne ke da suna a cikinsu. Da aka yi dokar ilmi ta 1870, makarantun hukuma suka ɗauke nauyin koyar da karatu da rubutu, makarantar Lahadi ta koma ga darasin addini kaɗai. Wannan tsari, watau ta zama makarantar karatu inda babu wata, ta saki aikin in wata ta zo, shi ne ya sake faruwa a ƙasarmu bayan shekara ɗari da wani abu.

Yadda Hausa ta shiga majami'a

Mishan ɗin da suka yi aiki a Arewa sanannu ne. 'Yan SIM na farko sun sauka Ikko a 1893. Karl Kumm da abokansa na SUM sun kai Wase a 1904. Likita Walter Miller na CMS ya zauna birnin Zariya a 1905, aka mai da tashar Wusasa a 1929. 'Yan Danmak sun kafa Numan a 1913. 'Yan cocin 'Yan'uwa daga Amurka sun kafa Garkida a 1923. Gwamnatin Turawa ta taƙaita shigar mishan cikin ƙasashen sarakunan Musulmi, saboda haka yawancinsu suka nufi duwatsu da kwaruruka na tsakiyar ƙasa, inda kowane tafiyar yini ɗaya sai ka tarad da sabon harshe.

Nan ne matsalar ta tashi. Mishan ba shi da mutanen da za su koyi harsuna barjat, su ƙirƙira musu rubutu, su fassara littafi a kowanne. Inda harshe ya ke da jama'a mai yawa, an bi shi: Nufawa sun sami cikakken Littafi Mai Tsarki da harshensu a 1953, Tibi kuwa a 1964, har yau ma da Tibanci ekklisiyar NKST ta ke yawancin sujadarta. Amma a sauran wurare sai aka jingina da Hausa, tun da fatauci da haƙar kuza da aikin N.A. sun riga sun kai ta. Aikin fassara kuma an daɗe da soma shi. J. F. Schön ya fitar da nahawunsa a 1862 da ƙamusunsa a 1876, ya kuma fassara sassan Littafin. Miller da abokan aikinsa suka kammala, aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Bayan shekara 2 aka buɗe makarantar Gindiri domin horon masu bishara, da Hausa a ke karantar da su. Mai bishara ya koma ƙauye yana noma da safe, da yamma ya tara yara da manya a ajin koyar da addini, ya koya musu baƙaƙe da wasula da Hausa, domin su iya karanta Littafin da kansu. Sunayen ekklisiyoyin ma sun shaida wannan: tarayyar da aka kafa a 1955, wadda a ke kira TEKAN, sunan Hausa gare ta, haka nan EYN, watau Ekklisiyar 'Yan'uwa a Nijeriya.

Malamin makarantar Lahadi na yau magajin wancan mai bishara ne. Da gwamnatocin jihohi suka karɓe makarantun mishan a shekarun 1970, aka kuma soma ilmin firamare kyauta a 1976, sai koyar da karatu ya bar hannunsa, kamar yadda aka yi a Ingila. Amma bai bar shi duka ba. Manufar ilmi ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da jama'ar wurin ke yi, sai dai duk malamin da ya zaga makarantun Filato da kudancin Kaduna ya san yadda maganar ta tsaya a takarda. Yara da yawa a can, musamman na makarantun kuɗi, kan gama firamare ba a taɓa sa su karanta layi ɗaya na Hausa ba. In sun iya karanta ta, to, daga littafin waƙoƙi da ayar da aka rubuta a allo ran Lahadi suka koya.

Kalmar sa kai

Kafin mu shiga aji, bari mu duba sunan aikin. Hausa tana da hanyoyi da dama na faɗin aikin da ba a biya. Gayya aiki ce ta taro, ta yini ɗaya, mai gona ya ciyar, gobe kuma a rama masa ko ya rama. Aikin ganin dama shi ne wanda in ka so ka yi, in ka so ka bari, ba mai tuhumarka. Sa kai ya bambanta da su duka biyu: mutum ne ya miƙa wuyansa ba wanda ya tilasta shi, amma da zarar ya miƙa, aikin ya zama wajibi a kansa. Wanda ya karɓi aji ya kuma ƙi zuwa ran Lahadi ya bar yara a tsaye, dattawan ekklisiya za su tambaye shi dalili. Su kansu malaman ba safai su ke cewa sa kai ba. Sun fi cewa hidima, ko aikin Ubangiji, ko su ce an kira su.

Yana da kyau a gwada shi da malamin makarantar allo, gama su biyun maƙwabta ne a garuruwa da yawa. Shi ma ba ya jiran albashin hukuma, shi ma hadda ce ginshiƙin aikinsa. Amma malamin allo sana'arsa ke nan, jama'a suna ɗauke da shi da sadaka da kuɗin Laraba, yana kuma tare da yaran kwana 5 cikin mako. Na makarantar Lahadi kuwa tela ne, ko ma'aikaciyar asibiti, ko ɗalibin sakandare, ko uwa daga Zumuntar Mata, wanda ya ke da yaran sa'a ɗaya ko biyu a mako. Idan sa'a ɗaya ce, kuma bai yi fashi ko sau ɗaya ba, sa'a 52 ke nan a shekara, watau kusan na mako 2 a makarantar firamare. Abin mamakin shi ne yawan abin da ke zama a kan yaro daga wannan ɗan lokaci, dalilin kuwa waƙa ce da maimaitawa.

Yadda a ke tafiyar da aji

Tsarin ya kusa zama ɗaya ko'ina. A kan tara yara da sassafe kafin sujadar manya, ko kuwa a fitar da su sa'ad da za a soma wa'azi. A buɗe da waƙoƙi da tafi da addu'a, a raba su bisa ga shekaru in akwai malamai da ɗakuna, in babu kuwa a haɗa ɗan shekara 3 da ɗan shekara 12 a gindin mangwaro. Malam ya ba da labari, ya yi tambayoyi, ya koyar da ayar haddacewa, a karɓi baiko, a kira suna, a tashi. A ƙarshen shekara a yi gasar hadda da wasan kwaikwayo na Kirsimati. Manyan yara kan wuce zuwa ƙungiyar Birged, wadda William Smith ya kafa a Glasgow a 1883, ta kuma iso Ikko a 1908. Ita ma masu sa kai ne ke riƙe da ita.

Wahalar aikin ba a ɓoye ta ke ba. Malami ya kan rasa wa'azin manya shekara da shekaru. Alli da alewa sau da yawa daga aljihunsa su ke fitowa. Ɗalibin da ya fara gwanancewa sai ya sami shiga jami'a ya tafi, budurwa ta yi aure ta koma wani gari, a sake farawa da sabon hannu. Akwai kuma maganar amana, wadda ba a cika tattauna ta a fili ba a dā. Tun da aka yi dokar haƙƙin yara ta 2003, hankali ya ƙara komawa kan wanda a ke damƙa wa yara, kuma ƙa'idar nan da ekklisiyoyi a ƙasashe da yawa su ke bi, cewa kada babba ɗaya ya kaɗaita da yaro, ta dace da kowane wuri da a ke tara yara, ko na wane addini ne.

Hausa uku a aji ɗaya

A nan ne na ke so in daɗe. Wanda ya zauna a bayan irin wannan aji da kunnen mai nazarin harshe zai ji Hausa iri uku suna karo: ta Littafin, ta malamin, da ta yaron.

Ta Littafin ita ma ba ɗaya ba ce. Fassarar 1932 tana nan a hannun tsofaffi, da ita suka yi hadda, ba su kuwa yarda su sake ta. An fitar da sabuwa a 1979, sa'an nan wata a 2020 mai suna Sabon Rai Don Kowa. Ko a sunaye sun saɓa. Wanda tsohuwar fassara ta kira Yohanna, ta 1979 Yahaya ta kira shi. Littafin ƙarshe da tsofaffi suka sani da Ru'ya ta Yohanna ya zama Wahayin Yahaya. Masu fassarar 1979 sun karkata ga kalmomin da Bahaushen birni ya sani, waɗanda yawancinsu daga Larabci su ke, jama'ar majami'u da yawa kuwa sun saba da na dā. Saboda haka yaro ya kan haddace aya a aji da lafazi ɗaya, ya je gida kakarsa ta gyara masa da wani. Malamin da bai san akwai fassara dabam-dabam ba sai ya ɗauka ɗayansu ne ya yi kuskure.

Kalmomin addinin kuwa kashi biyu ne. Kaɗan ne suka zo daga waje ta hannun mishan, kamar ekklisiya da baftisma, masu asali daga harshen Girka, da fasto daga Turanci. Mafi yawa an same su ne a cikin Hausa, Musulunci ya riga ya shigo da su: aya, sura, annabi, mala'ika, addu'a, zunubi, tuba, wa'azi, bishara. Amma kalma ba ta ƙaura ta bar ma'anarta yadda ta ke. Sujada ga Bahaushe sa goshi a ƙasa ne. A majami'a kuwa dukan taron ibada ne, da waƙoƙinsa da wa'azinsa, ko da ba wanda ya durƙusa. Baiko a Kano maganar aure ce. A majami'a kuɗin da a ke sakawa a kwano ne. Alheri, wanda mu ke faɗa ga kyauta ko kirki, an ɗora masa nauyin wata babbar ma'ana ta tauhidin Kirista, watau tagomashin da mutum bai cancanta ba. Zumunta ta tashi daga dangantakar jini ta zama sunan ƙungiya. Waɗannan duka ƙamusunmu ba su cika kula da su ba, alhali miliyoyin mutane ne ke amfani da su kowane mako.

Wadda ta fi ba malami aiki ita ce almajiri. Masu fassara sun zaɓe ta da kyakkyawan dalili, gama a Hausar malamai almajiri shi ne mai neman ilmi a gaban shehinsa, ba kuwa kalmar da ta fi ta dacewa da mabiyan nan 12. Amma yaron da ya tashi a Jos ko Kaduna a wannan zamani, almajirin da ya sani shi ne ɗan yaro mai kwano a bakin tasha. In malami bai tsaya ya warware ba, hoton da ke kan yaron ke nan har ya girma. Haka nan gama, wadda ta cika tsohuwar fassara da ma'anar domin. Yaron yau gama ɗaya ya sani, ta gama aiki. Kadan mai ma'anar idan ita ma ta tsufa, ga wanda ba ya furta ɗ kuwa ta zama ɗaya da kaɗan.

Wannan ya kawo mu ga Hausar malamin. Galibi ba harshensa na fari ba ce. Shi Birom ne, ko Angas, ko Baju, ko Tangale, ko Babur, ya koyi Hausa a kasuwa da majami'a. Abubuwan da irin wannan Hausa ta kan zubar sanannu ne ga masu nazari. Na farko baƙaƙen nan masu ƙugiya da 'yan'uwansu. Waɗansu harsunan tsakiyar ƙasa suna da ɓ da ɗ nasu, saboda haka waɗannan kan tsira; ƙ da ts ne suka fi shan wahala. Ts ta koma s, sai tsarki da sarki su zama kalma ɗaya, ga shi kuwa ba kalmar da ta fi tsarki yawo a wannan aji, tun daga sunan Littafin kansa. Ƙ ta koma k, sai baƙin da aka ce a karɓa su zama baki. A allo abin ya fi muni, domin ko malamin da ke furta ƙ daidai ba safai ya ke rubuta ƙugiyar ba: ƙayar da aka yi rawani da ita sai ta fito kaya. Wayar hannu, wadda yanzu da ita a ke aika wa malamai darasin mako, ta ƙara wa abin ƙarfi, tun da ba kowa ya san inda zai sami haruffan ba.

Na biyu tsawon wasali da karin sauti, waɗanda rubutunmu bai nuna su ba ko kaɗan. Misali ɗaya ya isa. Rago na layya da dogon wasali a ke faɗinsa, muryar ta soma daga ƙasa; rago mai ƙiwuya kuwa da gajeren wasali, muryar a sama. A takarda ba su da bambanci. Bahaushe ba zai taɓa ruɗewa ba, amma malamin da ya koyi kalmar daga littafi, yana kuma koyar da laƙabin nan na Ɗan Rago, yana bukatar wanda zai faɗa masa da baki.

Na uku jinsi. A Hausar da a ke yi a matsayin harshe na biyu, ya ta kan cinye ta, a ce mace ya zo. Kada mu yi saurin raina wannan. Zazzagawa da Bausawa, waɗanda ba wanda zai ce ba Hausawa ba ne, su ma sun sassauta jinsi, suna cewa rigan wane inda Bakano zai ce rigar wane. Mai nazarin harshe ba alƙali ba ne. Abin da ya gani karin harshe ne mai tsarinsa, wanda ya cancanci a bayyana shi kamar yadda aka bayyana Sakkwatanci. Amma mai koyarwa dole ya tambayi abin da a ke asara. A labari, ya da ta su ne igiyar da mai sauraro ke riƙewa ya san wa ya yi me. A ɗauki labarin Rut da surukarta Na'omi da Bo'aza: in kowa ya zama ya, to, bayan jimla 3 yaro ya saki zaren, sai malami ya koma maimaita sunaye a kowace gaɓa. Malamai masu basira haka su ke yi ba tare da sun san dalili ba, labarin kuwa ya kan tafi daidai. Matsalar tana fitowa ne sa'ad da aka zo hadda, inda Littafin ya ce ta, malam ya ce ya, yaro ya tsaya tsakani.

Kayan koyarwa da aka shigo da su

Yawancin littattafan darasi asalinsu daga Amurka ko Ingila ne, aka fassara ko aka kwaikwaya. Akwai abin dariya a ciki: marubucin can ya kan ɓata rabin shafi yana bayyana mene ne makiyayi, ko rijiya, ko sussuka, a gaban yaron da ya bar awaki a ɗaure kafin ya zo. Duniyar labaran nan, da shuka da fara da kuturu da mai karɓar haraji, ta fi kusa da ɗan ƙauyenmu bisa ga ɗan birnin Turai. Abin da ke bukatar bayani a nan dabam ne: dusar ƙanƙara, da kurangar inabi, da jirgin ruwa ga ɗan dutse. Malamin da ya bi littafin sau da ƙafa zai bayyana abin da yara suka sani, ya tsallake abin da ba su sani ba.

Misali mafi nauyi shi ne littafin nan marar rubutu, mai shafuna masu launi, wanda mai wa'azi Charles Spurgeon ya yi amfani da shi a Landan a 1866, ƙungiyar bisharar yara da aka kafa a Amurka a 1937 kuma ta yaɗa shi ko'ina. Baƙin shafi zunubi ne, ja jini, fari tsarkakewa. A Hausa abin ya zauna daram, har ya fi zama a Turanci, gama muna da baƙin ciki da farin ciki, baƙar aniya da farar aniya, baƙin jini da farin jini. Amma muna kuma da baƙar fata da farar fata, yaro ɗan shekara 5 kuwa ba ya rarrabe karin magana da zahiri. Ya kan dubi hannunsa. Masu littafin da kansu sun koma kiran shafin mai duhu, ɗayan kuma mai tsabta. A ganina wannan gyara ya fi zama dole a Hausa, kalmomin kuwa suna nan a shirye: duhu da haske, dauɗa da tsabta.

Harshen uwa da Turanci

Sauran Hausar yaron. A Wusasa, da cikin Kiristocin karkarar Kano da Katsina, da Maraɗi da Tsibiri, Hausa ce harshen uwa, matsalar ba ta wuce tsufan kalmomi ba. A Nijar ma, inda yawancin karatun boko da Faransanci a ke yi, ajin Lahadi na iya zama wurin da yaro zai fara ganin harshensa a rubuce. Amma ga mafi yawan yaran da mu ke magana a kansu, Hausa harshe na biyu ce, wani lokaci na uku.

Tilas mu masu koyar da Hausa mu faɗi gaskiya a nan, ko da ba ta yi mana daɗi ba. Bunƙasar Hausa a majami'a da kuɗin waɗansu harsuna aka saye ta. Nijeriya tana da harsuna fiye da 500, da yawa daga cikin ƙanana suna wannan yanki, kuma yaron da ya saba cewa da Hausa a ke addu'a, da Hausa a ke waƙa, da Hausa a ke karatu, ya kan ɗauka harshen gidansu na gona ne da murhu kawai. An yi ƙoƙarin gyara. Cibiyar fassara ta NBTT da ke Jos, wadda aka kafa a 1976, ta taimaka an fitar da Sabon Alkawari a harsuna da dama. Na Angas ya fito a 1979, na Birom a 1984. Sai dai littafi ba ya karanta kansa. In malamin Lahadi bai iya karanta harshensa ba, gama ba a taɓa koya masa ba, to, littafin zai zauna a akwatin fasto.

A birane kuwa abin da Hausa ta yi wa waɗancan shi Turanci ke yi mata. Majami'u da yawa sun raba sujada biyu, sashen Hausa da sashen Turanci, kuma ko iyayen da ke zuwa sashen Hausa sun fi so a koyar da 'ya'yansu da Turanci. Sai ka sami gida ɗaya, kaka tana addu'a da Birom, uwa da Hausa, jika da Turanci. Malamin da ke tsakiya ya kan ba da labarin da Hausa domin a gane, ya koyar da ayar da Turanci domin iyaye su ji daɗi, yaro ya haddace sautin da bai san ma'anarsa ba. Ban ga laifin cakuɗa harsuna a aji ba, in an yi shi da niyya. Abin da na ke ƙi shi ne a ware fahimta ga harshe ɗaya, a ware daraja ga wani.

Abin da ya rage ga kwalejoji

Ba aikin kwalejin horon malamai ba ne ta koyar da addinin kowa a wannan fage, amma harshe da dabarun koyarwa nata ne. Ɗalibanmu da yawa daga waɗannan garuruwa su ke, waɗansunsu ma suna riƙe da aji ran Lahadi tun suna makaranta, ba mu taɓa tambayarsu ba. Malamin Hausa da ke da irin waɗannan ɗalibai zai iya sa su kawo ayar makon jiya yadda aka rubuta ta a allo, a gyara ƙugiyoyi tare, a ware kalmomin da suka tsufa, a nemi yadda za a faɗe su ga ɗan shekara 7. Darasin rubutu ne da na ma'ana a lokaci ɗaya, amfaninsa kuma zai kai ga yara cikin kwana 7. Ɗalibi Musulmi da ke koyarwa a Islamiyya zai kawo nasa allon a yi masa haka nan, gama matsalar fassara ga yara iri ɗaya ce.

Ga masu bincike kuwa, Hausar majami'a tana jiran wanda zai bayyana ta daga bakin masu ita. Hanyar ba ta da tsada: a nemi izinin dattawan ekklisiya da na iyaye, a ɗauki muryar darasi ɗaya a wurare uku masu bambanci, misali Wusasa da Pankshin da wata unguwa a Kaduna, a rubuta shi da alamun karin sauti da tsawon wasali. Daga nan a ƙirga sau nawa malami ya sauya harshe, a wace gaɓa ta darasin, kuma da wane harshe yara suka amsa sa'ad da aka yi musu tambayar da ba ta hadda ba.